Madarar kondens: kofi ɗaya giram nawa ne?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masu sana'ar kayan zaƙi ku agaza min. An ba ni aikin suna ranar Asabar, iloka da kek da askirim. Iloka dai na saba, ba ta ba ni tsoro. Amma tsarin askirim ɗin da na samu cewa ya yi a zuba madarar kondens, mai kaurin nan mai sukari, gwangwani ɗaya mai oza 14, na kek kuma ya ce kofi ɗaya. Ni kuwa da na shiga kasuwar Singa babban gwangwani na ɗauko mai kilo guda, don ya fi araha in aka yi lissafi. Ina da ɗan sikelin kicin mai batir. To giram nawa zan auna a madadin kofi ɗaya, giram nawa kuma a madadin wancan gwangwanin? Ba na so in yi wa mutane asarar kaya.

Ummu Affan:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ai wannan ba abin tashin hankali ba ne. Kofin awo mil 250 ne, ki auna giram 250 shi ke nan. Mil da giram duk abu ɗaya ne.

Malama Rabi:
Ummu Affan yi haƙuri, a nan kam zan saɓa miki. A ruwa ne kaɗai mil ɗaya ke zama giram ɗaya. Da an bar ruwa, kowane abu da nasa nauyin. Kwanon gero da kwanon dusa wuri ɗaya suka ci, amma ki ɗaga su ki ji. Kondens madara ce da aka janye mata fiye da rabin ruwanta, sannan aka narka sukari mai yawa a ciki. Wajen kashi 45 cikin 100 na nauyinta sukarin da aka ƙara ne, ruwan da ya saura kuwa wajen kashi 27 ne kawai. Shi ya sa mil ɗaya nata yake kaiwa giram 1.3.

Maman Ilham, ga amsarki. In kofin da ake nufi mai mil 250 ne, ki auna giram 325. In kuma tsarin daga Amurka ya fito, kofinsu ya ɗan gaza namu, mil 237 ne, wasu su rubuta 240, sai ki auna tsakanin giram 308 da 312. Tunda na askirim ɗin ya ambaci oza, ina kyautata zaton marubutan naki Amurkawa ne, don haka ki riƙe 310 a kek. Shi kuma gwangwani mai oza 14, giram 397 ne. Ki auna 400 ma babu komai.

Da kin bi 250 a kofin da ke son 325, da kin tauye giram 75, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na madarar.

Ummu Affan:
To ni dai haka nake yi a kek ɗina, kuma ba wanda ya taɓa dawo min da shi.

Malama Rabi:
Zai ciwu mana. Sai dai zaƙinsa da laushinsa ba za su kai yadda mai tsarin ya nufa ba. In masu sayenki sun saba da shi a haka, to ya zama naki tsarin, ki rubuta 250 ki riƙe. Amma kada a ce wa wata kofi ɗaya ke nan.

Fa'iza:
Malama ni fa na rikice. Yanzun nan na buga oza 14 a waya, ta ba ni mil 414. Ke kuma kin ce giram 397. In na bi lissafinki na ninka 414 da 1.3 ai abin ya haura 500.

Malama Rabi:
Fa'iza, kin taɓo inda mutane suka fi zamewa. Oza iri biyu ce a wurinsu. Akwai ta nauyi, giram 28.35 ce. Akwai ta awon abu mai ruwa, mil 29.57 ce a Amurka, ita ce ake rubuta wa "fl oz". Wayarki ta biyun ta ba ki. Gwangwanin kondens kuwa da nauyi ake sayar da shi, ki ninka 14 da 28.35 ki ga, 397 zai fito. In kika juye shi a jug ɗin awo, mil 300 da 'yan kai za ki gani, wato kofin Amurka ɗaya da kwata. Wadda ta auna mil 414 ta zuba giram 538, ta yi ƙarin giram 140 ke nan, fiye da sulusin gwangwani. A askirim wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sukari shi ke hana abu daskarewa da wuri. In ya yi yawa, sai askirim ya kwana a firiza ya tashi yana malala, ga zaƙi har ya hau kai.

Abin da ke ƙara rikita mutane, madarar ruwa marar sukari ta Amurka da awon ruwa ake rubuta ta, gwangwaninta "12 fl oz", mil 354. Su biyun suna jere a kanta ɗaya, amma kowacce da irin ozarta.

Maman Twins:
Tabɗi! Su kuwa me ya hana su cika 400 kowa ya huta? Ko dai ƙwange ne irin na 'yan kasuwa?

Malama Rabi:
Haha, ba ƙwange ba ne Maman Twins, gado ne. A Amurka sana'ar ta kafu, inda wani Gail Borden ya sami takardar mallakar fasahar a 1856, ta kuma bunƙasa lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, don ita ce madarar da soja zai ɗauka a jaka ba ta lalace ba. A 1866 aka buɗe wani kamfanin a garin Cham na Suwizalan, shi ne ya haɗe da Nestlé a 1905. Da oza aka saba auna gwangwanin, da ƙasashe suka koma giram sai aka bar shi yadda yake aka sauya lambar kawai. Shi ya sa har yau a Ingila 397 ake rubutawa.

Hajiya Yalwa:
Sannunku da lissafi 'yan boko. Ni tun kafin a haifi wasunku nake tuƙa iloka, 'yan talla na ɗauka, ban taɓa ɗora madara a sikeli ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ki sa bota a tukunya, ki juye madararki, wuta kaɗan kaɗan, ki yi ta juyawa kada hannunki ya tsaya. Da ta soma yin ja tana sakin gefen tukunya, ki ɗiga kaɗan a ruwan sanyi. In ta dunƙule kika murza ta da yatsa ba ta narke ba, ki sauke. Ina giram a nan? 'Yata Maman Ilham, kada su firgita ki.

Anti Zee:
Ran Hajiya ya daɗe, dama ke muke jira. Na san sai kin tanka.

Malama Rabi:
Hajiya barka da yamma. A iloka kam gaskiyarki ce, ba ni da ja. Dalilin kuwa, wuta ce ke yanke hukunci a iloka, ba awo ba. Ko giram 300 aka zuba ko 400, dafawa za a yi ta yi har ruwa ya ragu zuwa inda ake so. Ɗigawar nan da kike yi a ruwan sanyi awo ne cikakke, masu alawa a ko'ina da shi suke aiki. In ɗigon ya dunƙule da taushi, zafin tukunya ya kai wajen digiri 112 zuwa 116 a ma'aunin Celsius. In ya dunƙule da ƙarfi ya haura 120. Yatsanki ma'aunin zafi ne, sai dai ba ya nuna lamba.

Amma kek da askirim ba su ba mutum wannan damar. Da kin rufe oven ko firiza magana ta ƙare, abin da kika zuba shi za ki tarar. Babu ɗanɗanawa a tsakiya, babu ƙara minti biyar a gyara.

Hajiya Yalwa:
To Malama, su kek ɗin ai ku kuka kawo su, sai ku ji da su. Amma ko a nan ɗin, mai hannu tana ganin kwaɓi ta san ya yi ruwa ko ya yi tauri.

Anti Zee:
Hajiya mai hannu fa kika ce. Hannun nan shekara nawa ya ɗauka kafin ya zama hannu? Yarinyar da ta fara sana'a bana da jarin da mijinta ko babanta ya haɗa mata da ƙyar, ba ta da kuɗin lalata kwaɓi goma kafin idonta ya buɗe. Ni abin da ya sa na koma sikeli ma ba daɗin kek ba ne, lissafin riba ne. In na san tire ɗaya na iloka yana cin giram 400, na san babban gwangwani tire biyu da rabi zai ba ni. Daga nan sai in raba kuɗin gwangwanin, in san nawa madara ta ci a kowane ƙulli. Da ina zubawa da ido, yau tire ya ba ni ƙulli da yawa gobe ya gaza, ga farashi ɗaya nake sayarwa. Ciniki na tafiya, uwar kuɗi na narkewa, ban san ta ina ba.

Sannan akwai yaran aiki. Ranar da ba na gida, takarda nake bar musu: madara kaza, bota kaza. Ido ba ya rubutuwa a takarda.

Hajiya Yalwa:
Nawa yaran a gefen murhu suka koya, kuma ga su nan a ɗakunansu suna ci da ita. Amma maganar riba kam na ji ta. Kayan yanzu ba na da ba ne, ɗigo ɗaya ma kuɗi ne.

Maman Twins:
Ku tsaya in yi tambayar jahilci. Ni duk wannan abu da ake faɗa, da Peak ta gwangwani nake yi, ko Three Crowns in ita na samu. Ita ma 325 ɗin ce a kofi?

Anti Zee:
A'a Maman Twins, ba ita ake magana ba! Waɗannan na ƙaramin gwangwani da muke zubawa a shayi madarar ruwa ce marar sukari. Kondens ita ce mai kauri mai danƙo, wadda in kika ɗaga cokali take bin sa kamar zare.

Malama Rabi:
Haka ne. Ita madarar ruwa an rage mata ruwa kawai, ba a ƙara sukari ba, har yanzu wajen kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne. Nauyinta bai yi nisa da na ruwa ba, mil ɗaya giram 1.06 zuwa 1.07. Kofi mai 250 zai ba ki wajen giram 265, na Amurka 252. Kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya kai tsaye. In tsari ya ce kondens kika zuba ta ruwa, kin ƙara ruwa kin cire sukari a lokaci guda.

Bambancinsu har a ajiya yake. Ta ruwa dafa ta ake yi cikin gwangwaninta a rufe don a kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa da an fasa sai a yi maza a shanye ko a sa a firij. Kondens kuwa yawan sukarin ne ke tsare ta.

Maman Twins:
Ikon Allah. To shi ya sa ilokata take ɗaukar rabin yini a wuta kafin ta kama, sai na yi ta zuba sukari.

Hajiya Yalwa:
Ai ke gas ɗinki kike ƙonawa 'yar nan. Da ta ruwa ma ana yi, amma sai mai haƙuri da itace.

Binta Sakkwato:
Tunda an zo nan, mu a wajenmu da gwangwanin madara muke awon komai, shinkafa, fulawa, sukari. In na cika wannan ƙaramin gwangwanin da kondens, nawa ke nan?

Malama Rabi:
Binta, ya danganta da wane gwangwani ne a hannunki, don ba girmansu ɗaya ba. Akwai mai giram 170, akwai mai 160, akwai mai 150, ki duba jikinsa in takardar ba ta ɓare ba. Mai 170 ɗin, madarar da ke ciki wajen mil 160 ce. In kika zuba kondens ta kai inda waccan take tsayawa, kin sami wajen giram 208. A mai 150 kuwa mil 140 ne, wajen giram 183. Kin ga gwangwani da gwangwani akwai tazarar giram 25, kuma kowacce za ta rantse gwangwani ɗaya ta zuba.

A taƙaice dai biyu na babban cikinsu sun ɗan haura gwangwani mai 397, biyu na ƙaramin sun ɗan gaza. Kuma gwangwanin madara ba kofi ba ne, wajen kashi biyu cikin uku na kofi yake ɗauka. Mata da yawa suna karanta kofi a tsari su ɗauko gwangwani.

Binta Sakkwato:
Wallahi har da ni a ciki ake wannan. Allah ya saka Malama.

Isufu mai shayi:
Salamu alaikum iyayena da yayyena, ku yi haƙuri namiji ya shigo maganar mata. Ni daga Damagaram nake, teburin shayi gare ni. Mu nan Nijar wannan madara mai sukari ita ce ta shayi da kafe, Bonnet Rouge da ire-irenta, kuma mai kilo guda muke saye kullum. Malama, in cokali nake zuba wa mutum, cokali nawa ke cikin kilo? Ina so in san ko yaron da nake bar wa tebur da dare yana sakin hannu.

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam Malam Isufu, ai zaure na kowa ne. Babban cokalin awo mil 15 ne, kondens a cikinsa giram 19 zuwa 20. Ƙarami mil 5, giram 6 da rabi. A lissafi kilo ɗaya cokali 50 ne babba, ko da ɗan ƙari. Duka gwangwanin kuma mil 770 ne, kofi uku da ɗan ɗigo a kofi mai 250. Amma kafin ka tuhumi yaro, cokalin cin abinci ba cokalin awo ba ne, kowanne da zurfinsa. Kuma kondens tana yin tozo a kan cokali, tana manne a bayansa. Cokali ɗaya mai tozo zai iya kusan ninka wanda aka shafe bakinsa.

Isufu mai shayi:
To ai mu ba ma ma sa cokali sosai. Huda biyu muke yi wa gwangwani, mu tsiyaya daga sama, mu ƙirga a zuci. Da sanyin hunturu kuma ba ta son fitowa, sai ka ƙirga goma abin da ya zuba bai kai na biyar ɗin bazara ba.

Malama Rabi:
Ka ga nan ma wani abin lura ne. Sanyi ba ya sauya nauyinta a zo a gani, mil ɗaya na nan a 1.3 ɗinsa. Kaurinta ne ke ƙaruwa, sai gudunta ya ragu. Duk awon da ya dogara da tsiyayawa ko ƙirga zai yi ta sauyawa da yanayi. In kana son sanin gaskiyar teburinka, ka aza gwangwanin a sikeli da magariba ka rubuta, ka sake aza shi da za a tashi, ka raba abin da ya ragu da yawan kofunan da aka sayar.

Isufu mai shayi:
Madalla. Sikelin mai nama na kusa da ni, zan roƙe shi.

Anti Zee:
Malam Isufu na mai nama ba zai ga giram ashirin ba, ƙaramin na batir za ka nema. Maganar mannewa da Malama ta yi ita ce babban dalilin da ya sa na daina sa kondens a kofi gaba ɗaya. Ki cika kofi daidai, ki juye, ki dubi abin da ya saura a jiki. In ba ki bi shi da abin kankara na roba ba, cokali guda ko fiye ya tafi wurin wanke-wanke. Maman Ilham ga yadda nake yi, kuma ba kya ɓata kofi ko ɗaya. Ki ɗora kwanon kwaɓinki a kan sikeli da duk abin da ke ciki, ki danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, sai ki tsiyaya madarar kai tsaye har lambar ta kai. Ki rage hannu tun saura giram 20, don zaren da ke biyowa baya zai cike.

In kuma kwanon ya yi wa sikelin nauyi, ki juya abin. Ki ɗora gwangwanin madarar shi kansa, ki mayar sifili, ki riƙa ɗiba kina mayar da shi. Lambar za ta fito da alamar ragi a gabanta. Da ta nuna 310 kin san abin da ya fita ke nan.

Wadda ba ta da sikeli kuma dole sai kofi, ta shafa ɗan mai a cikinsa tukuna, madarar za ta sulale. Da sanyi a tsoma gwangwanin a ruwan ɗumi na ɗan lokaci.

Maman Ilham:
Kai, Allah ya biya ku. Wato 400 a askirim, 310 a kek, saura 290 ke nan a gwangwanin. Ba zai ishe ni iloka ba, kuma ba na jin zan sake samun shiga kasuwa kafin Asabar. Ina da madarar gari da yawa. Akwai dabara?

Ramatu Kumasi:
Akwai sosai 'yar uwa. Mu nan Kumasi alawar kondens sana'ar mata ce a zango, kusan ilokarku ce, wasu na barbaɗa gyaɗa ko kwakwa. In kondens ta yi tsada da gari muke haɗawa. Kofi ɗaya na gari, sukari kashi biyu cikin uku na kofi, tafasasshen ruwa sulusin kofi, ɗan bota, a markaɗa a blanda.

Malama Rabi:
Na Ramatu yana aiki. Bari in ba ki shi a giram tunda sikeli na gabanki, don madarar gari ita ma kofinta ba shi da tabbas, wata ta danna wata ta bar shi sakwa-sakwa. Ƙa'idar kondens ta duniya ita ce sinadarin madara, wato abin da zai saura in an ƙafe ruwa duka, kada ya gaza kashi 28 cikin 100, mai kuma kada ya gaza kashi 8. In muka kusanci wannan, a giram 400 kina buƙatar madarar gari 110, sukari 180, ruwan zafi 110. Ki nemi garin mai cikakken mai, in shi ne ba sai kin ƙara bota ba. Ki fara narka sukarin a ruwan zafin har ki daina jin sa a ƙasan cokali, sannan ki zuba garin kaɗan kaɗan. Za ki ga kamar ta yi ruwa, ki bar ta ta huce, za ta yi kauri.

Maman Twins, ke ma ga naki da madarar ruwa. Wajen giram 450 ake so, ƙananan gwangwani uku ke nan, da sukari 180. Jimla 630. Ki auna tukunyarki tun tana wayam ki rubuta, ki dafa a wuta kaɗan kina juyawa har abin da ke ciki ya dawo 400. Giram 230 na ruwa ne zai tashi, shi ne rabin yinin da kike faɗa.

Fa'iza:
Ni na taɓa haɗa ta garin, amma da ta kwana biyu a firij sai na ji ta da yashi-yashi a harshe.

Malama Rabi:
Abu biyu ke kawo haka. Ko sukarin bai gama narkewa ba, ko kuma sukarin da ke cikin madara ita kanta ne ya dunƙule ya yi ƙwayoyi, don ba ya narkewa da sauƙi kamar na rake. A masana'anta suna barbaɗa garinsa mai laushi ƙwarai lokacin da madarar ke hucewa, sai ƙwayoyin su fito ƙanana yadda harshe ba zai ji ba. A gida ba mu da wannan, don haka ta gida a haɗa a yi aiki da ita a ranar ko washegari. A iloka ba za ki ji komai ba tunda wuta za ta sake narka shi.

Hajiya Yalwa:
Ku dai ku faɗa mata gaskiya, ilokar gari ba ta kai ta gwangwani santsi ba. Ni in ce ta yi askirim ɗin da kek da ta gwangwani, ragowar 290 ɗin ta haɗa da ta garin a tukunya ɗaya, ɗaya ta rufa wa ɗaya asiri. Kuma ta rage wuta fiye da yadda ta saba, ta gari tana saurin kamu a gindin tukunya.

Anti Zee:
Kun ji Hajiya da bakinta ta ce 290. Sikeli ya shiga gidan Hajiya!

Hajiya Yalwa:
Ke Zainabu ki kiyaye ni. Lambar da yarinya ta faɗa na maimaita.

Ramatu Kumasi:
Wani abu kuma, na ga ana dafa gwangwanin a rufe cikin ruwa har madarar ta koma ruwan ƙasa, a shafa a kek. Nauyin yana canjawa?

Anti Zee:
Ba ya canjawa tunda ba abin da ya fita, 397 ɗin ne dai. Amma Ramatu a yi hattara da wannan. Dole ruwa ya rufe gwangwanin tun daga farko har ƙarshe, in ya ƙafe gwangwani na iya fashewa. Kuma ba a buɗe shi sai ya huce sarai. Ni na fi son in juye a kwano in rufe, in ɗora a cikin wani faranti mai ruwa a oven.

Tunda muna da sababbin iyaye a nan, in ƙara da wannan: kondens ba abincin jariri ba ce ko an tsarma ta da ruwa, sukari ne ya fi yawa a ciki. Kada araha ta ja wata.

Ummu Affan:
Malama to zuma fa? Akwai wani biskit da nake yi mai rabin kofin zuma, ita ma 1.3 ɗin zan bi?

Malama Rabi:
Zuma ta fi ta nauyi, wajen 1.4 ce da ɗan ɗori. Rabin kofin Amurka giram 170, rabin mai 250 kuma wajen 177. Man gyaɗa kuwa ƙasa yake da ruwa, wajen 0.92, don haka kofinsa mai 250 giram 230 ne. Ki duba wane kofi ne a gidanki tukuna: ki ɗora shi a sikeli, ki mayar sifili, ki cika shi da ruwa. Lambar da ta fito ita ce mil ɗinsa.

Ummu Affan:
Na gwada yanzu. Nawa 220 ya nuna.

Binta Sakkwato:
Nawa 265, kuma a jikinsa an rubuta 250.